Nomau da Akwatin da Ba Ya Son Shiru

A Kwarin Ɗinya, gida na ƙarshe kafin a gangara rafi, nan ne gidan Inna Tasalla. 'Ya'ya uku Allah ya bar mata bayan rasuwar maigidanta. Na fari Sahabi, wanda saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan". Auta Yahanasu, da aure ya kai ta Fatakwal inda mijinta ke fataucin shanu. Na tsakiya kuwa Nomau, ƙato mai gemu, ba ya ƙarya, ba ya musu, ba ya ƙara wa magana, ba ya rage mata. Abin da aka ce masa, shi ke nan abin da aka ce. In aka tura shi ya duba ko tuwo yana ƙonewa, zai je ya duba da kyau, ya dawo ya zauna, ya ce, "Yana ƙonewa."

Garin a cikin kwari yake, sabis ba ya saukowa. Mai son buga waya sai ya hau tudun bayan makaranta. Sahabi ne ya kafa dogon ƙarfe a jikin zaure, ya ɗaura masa eriya, ya jawo waya zuwa wani ɗan farin akwati da ya ajiye a kan taga, ya haɗa shi da batirin sola. Wayfai ake ce masa. Ta cikinsa Inna ke ganin fuskar Yahanasu. Akwatin yana da 'yar fitila a goshi: in ta yi kore, hanya a buɗe take, in ta koma ja, ta rufe.

Hali ɗaya gare shi, kuma ba wanda ya gano shi sai da aka makara. In aka jima ba a more shi ba, sai ya ɗauke, ba ya dawowa sai an taɓa shi. Lokacin da Sahabi ke nan ba a taɓa jimawa ba. Ranar da ya yi sammakon zuwa birni saro kaya, akwatin ya wuni shi kaɗai, ya ɗauke. A hanyar dawowa mota ta faɗi da su. Daga gadon asibiti ya yi ta kiran wayar Inna, wayar tana cikin kwalla a ɗaki, ba ta ce uffan ba. Sai bayan an dawo daga maƙabarta wani ya taɓa akwatin, kiraye-kirayen suka shigo a jere, kamar baƙin da suka iso bayan an watse.

Tun daga nan Inna ta rage magana, ta rage ci. Abokan Sahabi da ke zaman shayi a ƙofar gidan kowace la'asar suka daina bin layin, don ba su san da wane ido za su kalli ƙofar ba. Gida ya yi tsit. Ga kuma cikin fari na Yahanasu ya tsufa. Bisa al'ada gida za ta zo ta haihu a gaban uwarta, amma likita ya hana ta doguwar tafiya. Inna ta ciro wayar daga kwalla ta ƙulle a bakin zani, ta kira Nomau.

Ta ce, "Na rasa kiran wancan. Kada ka bari na rasa na wannan."

Ya ce, "To, Inna."

Wata rana, ranar kasuwa, Nomau ya tare Ɗayyabu mai gyaran waya, ya kawo shi zaure. Ɗayyabu ya juya akwatin, ya leƙa ƙasansa, ya ce akwai inda ake shiga a hana shi wannan ɗaukewar, amma lambobin shiga wurin a kan marigayi suke, ya tafi da su. Ya ce, "In na goge shi gaba ɗaya, ban tabbata zan iya mayar da shi ba. Ga mai sauƙi: duk sa'ad da ka ga fitilar nan ta yi ja, ka kashe shi ka kunna." Ya wuce kasuwa. Nomau ya jawo turmi ya zauna. Can fitila ta yi ja, ya kashe, ya kunna. Shi kuwa akwatin in an kunna shi da ja yake farawa, sai ya ɗan nutsu sannan ya yi kore. Nomau ya ga ja, ya kashe, ya kunna. Ya ga ja, ya kashe, ya kunna. Da yamma Ɗayyabu ya biyo ya same shi sharkaf da gumi, babban yatsansa ya kumbura.

"Tun hantsi muke yi," in ji Nomau. "Taurin kai gare shi."

"Kai, bawan Allah! Ka ba shi lokaci mana ya tashi!"

"Ba ka ce lokaci ba. Ja ka ce."

Ɗayyabu ya riƙe kai. Ya ce, "To, na ji. In ka kunna, ka jira. Kai dai kada ka ɗauke idonka daga kansa."

Wata rana Inna ta miƙo masa kwaryar gero daga bayan labule, ta ce ya kai niƙa. Nomau ya tsaya a tsakar gida da magana biyu a kansa, ta Inna da ta Ɗayyabu, kuma ba wadda zai iya ajiyewa. Sai ya zare wayoyin akwatin, ya ɗora kwarya a ka, ya riƙe akwati da hannu biyu daidai hancinsa, ya kama hanya. Bai ga ramin bakin masallaci ba, bai ga tumakin Liman ba, bai ga keken mai kifi ba. Ya faɗa ramin, ya tashi. Ya ratsa tumakin, suka bi shi suna cin abin da ke zuba. Keken ne ya kifar da kwaryar. Ya isa wurin inji da ɗan abin da bai fi cikin tafi ba, ya juya ya dawo, idonsa bai ƙifta daga kan akwatin ba. A ƙofar gida Inna ta kalli kwaryar, ta kalle shi.

Ya ce, "Inna, an yi asarar gero. Amma albishirinki, tun da na cire shi bai sake yin ja ba."

Bai yi ja ba, gaskiya ne. Bai kuma yi kore ba. Inna ta kwance bakin zani ta duba wayar, ta mayar ta ƙulle, ta koma ɗaki. Ranar ba a yi tuwo ba, ba kuwa don geron ba.

Wata rana Ɗayyabu ya taɓa bayan akwatin ya ji zafi rau. Ya ce ranar da ke shigowa ta taga ma tana iya sa shi ɗaukewa, a riƙa sanyaya shi. Nomau ya yi tunanin yadda ake sanyaya abu a Kwarin Ɗinya. Ya tuna masu alayyahu a kasuwa. Ya samo buhun algarara ya tsoma a randa, ya naɗe akwatin, ya riƙa yayyafa masa ruwa da tsintsiya yana ce masa sannu. Kafin azahar fitila ta mutu ɗungurum. Ya hau tudu da gudu ya ari waya ya kira Ɗayyabu. Daga can Ɗayyabu ya yi salati, ya ce, "Cire shi daga wuta maza, ka tura shi cikin shinkafa ta tsotse ruwan. Ga ni nan." Babu shinkafa a gidan sai wadda maƙwabciya ta aiko wa Inna a kwano, Inna ba ta taɓa ba. Da Ɗayyabu ya iso ya tarar da akwatin a binne cikin shinkafa da wake, eriyarsa kaɗai ke leƙowa, Nomau na tsugune da kwalbar manja a hannu.

"Ban zuba ba tukuna," in ji shi. "Na ce bari in jira ka, ko da yaji yake so."

Ɗayyabu ya tono akwatin, ya kwance shi, ya shanya a inuwa, yana ta magana shi kaɗai. Allah ya yi abin da sauran kwana. Da aka haɗa shi, ya yi ja, Nomau ya zauna a kan hannayensa don kada su kashe shi, can ya yi kore.

Wata rana da fitila ke kore, Yahanasu ta kira. Fuskarta ta kumbura, tana magana tana nishi. Bayan sun gaisa da Inna ta ce a ba ta yayanta. Ta ce, "Yaya Nomau, an ce mini in ana ɗan aika saƙo a kai a kai ba ya ɗaukewa. Ka ga wannan alamar? Ka danne ta ka yi magana ka saki. Ka riƙa aika wani abu, ko mene ne, ga ko wane ne." Nomau ya karɓi wayar Inna ya zauna a zaure. Ya fara daga sunan farko ya bi su a jere. Da Liman ya hau tudu duba wayarsa, saƙonni suka zubo masa: "Salamu alaikum, kaza ta hau randa." "Salamu alaikum, ta sauka." Liman ya aiko a tambaya ko kazar tana bukatar addu'a. Amma wanda ya fi samun rabo shi ne Alhaji Maiwada, mahaifin mijin Yahanasu, surukin da Inna ko haɗa hanya ba ta yi da shi don kunya. Daga wayarta, da hotonta a jiki, ya ji cewa ta yi atishawa, ya ji cewa miyar jiya aka ɗumama kuma ta ɗan yi tsami, ya ji cewa yau ma ba a ɗora tukunya ba. Ba a jima ba sai ga ɗan aike da buhun masara a bayan babur, wai Alhaji yana gaisuwa, ya ce a yi haƙuri, bai san abin ya kai haka ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska a cikin ɗakinta, inda ba mai ganinta.

Aka ce wa Nomau ya daina damun mutane. Ya bi sunayen yana cire duk wanda ya yi ƙorafi, har ya rage saura suna ɗaya da bai ce komai ba. Daga ranar shi yake aika wa.

Yakan zauna a zaure in rana ta karkata, ya danne alamar. "Yaya, ɗinyar rafi ta fara nuna." Ya saki. In an jima, "Yaya, takalminka na nan inda ka cire shi, ban bar akuya ta taka ba." In an jima, "Yaya, Inna ta ci loma kaɗan yau, ta sha ruwa." Wani lokaci labari ya ƙare masa, sai ya danne ya bar iskar zaure ta shiga, da kukan kurciya, da ƙarar guga a rijiyar maƙwabta. "Yaya, an ce ba ka buɗe saƙonnin ba tukuna. Ba komai, ba sauri nake ba." Fitila ta zauna kore, ba ta taɓa daɗewa haka ba. Inna kuwa tana bayan bango tana ji. Ta jure abin da za ta iya jurewa, sannan ta fito ta miƙa hannu, ya ba ta wayar.

Ta ce, "Ka bar shi ya huta."

"Akwatin, ko Yaya?"

Ta ƙulle wayar a bakin zani. Kafin magariba fitila ta koma ja.

Wata rana, watan haihuwa ya kama, Nomau ya je ya tsaya a gaban rumfar Ɗayyabu. Ɗayyabu yana fama da wata waya da ta faɗa miya, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Nomau, wallahi dabarata ta ƙare. Ni dai na san a zamanin yayanka abin nan bai taɓa ɗaukewa ba. Duk abin da yake yi, je ka yi shi."

Nomau ya dawo gida yana tuna abin da Sahabi ke yi. Da aka idar da la'asar ya taɓa akwatin ya tashe shi, don da haka Sahabi ke farawa in ya dawo daga tafiya. Ya ɗauko makulli daga kan ƙusa ya buɗe ɗakin Sahabi, wanda ba a shiga ba tun ranar rasuwarsa. Ya fito da tabarma, da ɗan murhun gawayi, da buta mai lanƙwasasshen baki, da 'yan kofuna. Ya share ƙofar gida, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa. Ya hura wuta. Ya ɗauki hular Sahabi ya sa, ya karkata ta hagu yadda mai ita ke yi. Sannan ya leƙa cikin gida, ya ɗaga murya da irin jan da Sahabi ke yi wa maganar:

"Innaaa, me aka sauke?"

A ciki aka ji ludayi ya faɗi ƙasa.

Saura abu ɗaya. Sahabi ba ya shan shayi shi kaɗai, kuma ba ya gayyatar abokansa da lallami. Nomau ya nufi shagon Isiya tela, babban aminin marigayi, ya tsaya a bakin ƙofa da hannu a ƙugu, ya ce, "Kai, mai ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya! Shayi ya nuna." Keken ɗinki ya tsaya. Isiya ya ɗago ya kalli hular. Nomau bai jira ba, ya wuce wurin Haladu mai faci, ya ce, "Kai, kunnen faranti, sai an aiko maka da mota?" Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan da Sahabi ya laƙa masa, a gaban jama'a. Mata suka leƙo ta katanga suna salati. Wani dattijo ya ce yau kam abin Nomau ya wuce wauta.

Suka biyo shi a fusace, Isiya a gaba, da niyyar cire masa hular ko da mari. Suka shigo layin da suka daɗe suna kauce wa. Sai ga ƙofar a share, ga tabarma, ga buta tana tururi, ƙamshin citta da kanumfari ya cika wurin. Suka yi cirko-cirko. Nomau ya zauna a mazaunin Sahabi, ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, ya miƙa wa Isiya kofin farko.

Isiya ya ce, "Nomau, ka san abin da kake yi kuwa?"

"Ɗayyabu ya ce in yi duk abin da Yaya yake yi. Kai ne na farko, ba ka son sukari da yawa."

Ba a mayar da kofin da aka miƙo a ƙofar mamaci. Isiya ya karɓa, ya durƙusa, daga durƙuso ya zauna. Sauran suka zauna. Ba mai kallon wani. Ana cikin haka sai aljihun Isiya ya yi ƙara. Na Haladu ya amsa. Sai na gefensa, sai na bayansa, kamar kwaɗi in ruwan farko ya sauka. Isiya ya ciro wayarsa ya duba. Tun zamanin zaman shayi Sahabi ya sa wa kowannensu lambobin wayfai, kuma wayoyin da kansu suka kama, ba wanda ya ce musu.

Isiya ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce, "Ita ba ta manta gidan nan ba."

Haladu ya share hanci da bayan hannu, ya ce shayin ya yi ruwa, Sahabi da ya gani da ya zubar. Wani ya ce ƙarya ne, na Sahabi ya fi wannan ruwa, kunya ce ta hana a faɗa masa. Aka yi 'yar dariya, aka tsaya, aka sake. Wani ya buɗe ƙwallo a wayarsa, kawuna suka haɗu, gardama ta tashi. A kan taga fitila ta yi kore ta zauna, inuwa ta miƙe har ta haye tabarma, ba ta ƙifta ba.

Rana ta kusa faɗuwa sai aka ji ƙarar waya daga cikin gida. Gardama ta yanke. Aka ji Inna tana kokawa da ƙullin zani, aka ji muryar mijin Yahanasu daga nesa yana cewa, "Inna, an sauka lafiya, mace ce, ga ta nan ki gani." Sai wani siririn kuka, sabo fil, ya ratso tsakar gida, ya bi ta zaure, ya fito har kan tabarma. Mazan suka sunkuyar da kai. Nomau kaɗai ya ci gaba da fifita gawayi, don ba a ce ya daina ba.

An jima labulen zaure ya motsa. Inna ba ta fito ba, muryarta ce ta fito, a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Nomau."

"Na'am, Inna."

"Ka ce wa abokan yaron nan kada kowa ya tashi. Na ɗora tukunya."

Nomau ya miƙe ya faɗa musu, sannan ya je ya tsaya a bakin tabarma ya buɗe hannuwa. Aka kira magariba. Isiya ya yunƙura, Nomau ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi.

"Nomau, sallah fa!"

"Inna ta ce kada kowa ya tashi."

"To alwala fa, ɗan'uwa?"

"Ba ta ce ban da alwala ba."

Sai da Haladu ya ɗaga murya ya ce, "Inna, ki cece mu, ya tsare mu!" Daga cikin gida, wajen murhu, aka ji wani sauti gajere da aka kwana biyu ba a ji ba a gidan, rabinsa tari, rabinsa dariya. Ta ce a sake su, amma su dawo.

Suka dawo. Washegari ma suka dawo, ba tare da an je kiran kowa ba. Da ranar kasuwa ta zagayo, Ɗayyabu ya biyo, ya ga fitila kore, ya ga tabarma cike, ya ga Nomau da karkatacciyar hula yana tsiyaya shayi. Ya ce, "To, a cikin abubuwan nan duka, wanne ne ya gyara shi? Hular ce, ko butar?"

Nomau ya miƙa masa kofi. Ya ce, "Ban sani ba. Shi ya sa ban bar ko ɗaya ba."